Agogon miliyoyi da kalmar "rezonans": me kake saya a zahiri?

Idan kana bibiyar tallan agogunan hannu masu tsada, wato waɗanda ba sa amfani da batir sai an murɗa su, za ka ci karo da kalmar "rezonans". Ƙananan kamfanoni masu zaman kansu a Suwizalan, irin su F.P. Journe da Armin Strom, sun yi suna da ita. Ana nuna maka cewa wannan ƙa'ida ta kimiyya ce ke sa agogon ya fi kiyaye lokaci. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ta kai girman da tallan ke ba ta ba.

Ka tuna lilo. In kana tura yaro daidai lokacin da lilon ya dawo wurinka, ɗan ƙarfi kaɗan ya isa ya kai shi sama. Rezonans ke nan: abu yana karɓar ƙarfi sosai idan aka taɓa shi daidai da saurin kaɗawarsa.

Abin da ke cikin waɗannan agogunan ɗan'uwan wannan ne. A 1665, masani Christiaan Huygens na ƙasar Holan ya lura cewa agogunan bango biyu da ya rataye a jikin katako ɗaya suna daidaita kansu, lilon wannan na tafiya dama, na wancan na tafiya hagu, kamar mata biyu masu lugude a turmi ɗaya. Ɗan motsin da ke ratsa katakon ne ke haɗa su. A 2000, François-Paul Journe ya sa wannan dabara a agogon hannu: zobba biyu masu kai da komo, waɗanda ake kira balans, kusa da juna a kan faranti ɗaya. Armin Strom kuwa, a 2016, sai ya haɗa nasa biyun da wani siririn sifirin. Masana fiziks sun fi kiran wannan "daidaituwar masu kaɗawa biyu da aka haɗa", amma ka san wannan sunan ba zai sayar da agogo ba.

To, shin yana ƙara daidaito? Hujjar masu ƙerawa ita ce: idan hannunka ya bugi wani abu, girgizar za ta ƙara wa ɗaya sauri ta rage wa ɗayan, sai su jawo juna su koma daidai. Wannan magana ce mai ma'ana. Sai dai fa zafi, da maganaɗisu, da tsufan man da ke cikin injin, duk suna shafar zobban biyu tare. Shaidu biyu na iya yin baki ɗaya a kan kuskure. Yarjejeniyarsu ba ta nufin sun dace da lokacin gaskiya.

Ga lissafi. Hukumar COSC ta Suwizalan tana ba agogon inji shaidar inganci idan bai yi lattin da ya wuce daƙiƙa 4 ba, bai kuma yi gaggawar da ta wuce daƙiƙa 6 ba a rana. Casio F-91W, wanda za ka samu a teburin mai agogo a kasuwa, kamfaninsa ya ce kuskurensa bai wuce daƙiƙa 30 ba a wata guda, wato kusan daƙiƙa 1 a rana. Abin dariyar ma shi ne, shi ma da rezonans yake aiki: ɗan dutsen kwats da ke cikinsa yana kaɗawa sau 32,768 a kowace daƙiƙa.

Kada ka ɗauka raina aikin nake yi. Kafin zobban Journe su kama juna, sai an saita su har bambancinsu bai wuce daƙiƙa 5 a rana ba, kuma da hannu ake yi. Mutum ya ɗauko abin da Huygens ya gani a bango ya dasa shi a wuyan hannu, wallahi ya cancanci yabo. Wanda ya saya don ya riƙa kallon wannan gwanintar, ya san abin da ya biya.

Inda nake da ja shi ne a fake da kimiyya a ce tsadar ta daidaito ce. Duk lokacin da mai talla ya jefo maka babbar kalma, a kan agogo ne ko magani ko waya, tambaye shi abu biyu: nawa aka auna, kuma da me aka kwatanta?