Hubbaren Gwandu da Abin da Ya ke Tuna wa Mutane

A wani ɗan ƙaramin gari na ƙasar Cek da a ke kira Husinets akwai mutum-mutumin Yan Hus, malamin Kirista wanda ya soki shugabannin addininsa kan kwaɗayin duniya, har aka ƙone shi a Konstans a 1415, aka zuba tokarsa a kogi. Da ya ke ba shi da kabari, sai mutanen garinsu suka kafa surarsa a dandali. Gwandu kuwa tana da kabarin nata mai gyaran, watau Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, wanda ya rasu a 1829. Abin dubawa shi ne, wane Abdullahi hubbaren nan ya ke tuna wa mutane?

Kalmar hubbare kanta abin lura ce. Asalinta Larabci ne, watau ƙubba, amma ta hanyar Fillanci ta shigo bakin Hausawa, inda ƙa ta zama ha, aka liƙa mata ɗafin -re irin na sunayen Fillanci. Ma'anarta ta farko gini ce mai tulluwa. Daga baya sai ta keɓanta ga makwancin wani babban bawan Allah da a ke ziyara. Kalmar da kanta ta riga ta gaya wa mai ziyara cewa wurin waliyyi ya zo.

Masu zuwa Gwandu iri biyu ne galibi. Waɗansu addu'a ta kawo su da neman albarka. Waɗansu kuwa sun zo ganin makwancin wanda ya kafa gidan sarauta, jarumin Tabkin Kwatto na 1804, wanda ya ci Birnin Kebbi a 1805, aka ba shi riƙon yammacin daula a 1812. Dukansu ba su yi kuskure ba. Amma akwai Abdullahi na uku wanda bango da tulluwa ba su iya nunawa.

Wannan shi ne mutumin da ya bar rundunar jihadi wajen 1807, ya nufi Makka, domin ya ga waɗansu abokan tafiya sun karkata ga neman mulki da dawaki da tufafi masu tsada. Da ya kai Kano sai mutanen birni suka tsai da shi, ya karantar da su tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami a kan yadda mai mulki zai bi shari'a, sa'an nan ya komo gida. Shi da kansa ya ba da labarin wannan ɓacin rai cikin Tazyinul Waraƙati, a 1813. Watau dai mai gyaran bai tsaya ga sukar sarakunan Gobir ba, har mutanensa bai ƙyale ba, sa'ad da nasara ke hannunsu.

A nan hubbare ya gaza, ba kuwa laifin masu kula da shi ba ne. Gini yana koyar da ladabi da girmamawa, amma hujja sai a littafi a ke samunta. Littattafan Abdullahi kuwa da Larabci mai tsauri ya rubuta su, gama gwanin nahawu ne da aruli. Tazyinul Waraƙati ya samu fassarar Turanci tun 1963, a hannun Mervyn Hiskett, aka buga a Badun, alhali da yawa daga masu ziyara ba su karanta ko ɗaya daga harsunan biyu ba.

Saboda haka nauyin ya faɗa kan malaman Hausa. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, tana kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, cikin ƙasar Gwandu. Ya kamata ita da kwalejojin horon malamai su sa waɗannan littattafai gaban ɗalibai cikin Hausa mai sauƙi, tare da sharhi, ba a tsame wuraren da suka yi ɗaci ba. Ɗalibin da ya karanta dalilin tafiyar Malam Abdullahi Kano kafin ya je Gwandu, lalle ziyararsa za ta fi ta wanda ya je da sunan kawai. Allah ya jiƙan Malam Abdullahi, amin.