Wa Ke Duba Aikin Malamin Jami'a?

Wani dattijo daga Mafaza ya taɓa bugo mini waya ana tsakiyar shiri. Ya ce riɗin da ya noma bara gaba ɗaya ya tafi a kuɗin karatun 'yarsa, sannan ya jefo mini tambaya: "Ɗana, malamin allo na san yadda ake gane nagari. Na jami'a fa, wa ke duba aikinsa?"

Na ce, Baba, ai akwai takardar tambayoyi da ake raba wa ɗalibai a ƙarshen zango, su ba malami maki. Ya yi dariya ya kashe waya. Da na koma gida ni ma dariyar na yi, don na cike irin wannan takarda lokacin da nake diflomar aikin jarida, na kuma san abin da muka yi da ita.

Muna da wani malami mai daɗin baki, ga barkwanci, ga sassauci. Takardun darasinsa ba su wuce shafi ashirin ba, kuma daga cikinsu jarabawa ke fitowa. Muka cika masa maki fal. Akwai kuma wata malama da ta taɓa mayar mini da labari guda har sau huɗu, duk ta ɓata shi da jan biro. A takardar nan muka rama. Yau kuwa duk labarin da na tace kafin in zauna gaban makirfo, da hannunta a ciki. Shi kuwa mutumin, barkwancinsa kawai nake iya tunawa.

Ba mu kaɗai wannan ruɗu ya kama ba. A 1973 aka wallafa labarin wani gwaji da aka yi a Amurka: an ɗauko ɗan wasan kwaikwayo, aka laƙaba masa sunan Dakta Fox, aka sa ya yi wa likitoci da masana lacca mai cike da surutun da ba kai ba gindi. Da aka raba takardar, yawancinsu suka yaba masa. Mu ma'aikatan rediyo bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba, mun fi kowa sanin abin da murya mai zaƙi ke iya ɓoyewa. Wani binciken na 2010 a makarantar horar da hafsoshin sojan saman Amurka ya fi tsorata ni. A can ɗalibi ba ya zaɓen malaminsa na lissafi, raba su ake yi. Sai aka ga malaman da ɗalibai suka fi yabo, ɗalibansu sun ci jarabawar wannan zango, amma da aka shiga darussan gaba sai suka koma baya.

Ɗaya ma'aunin, wanda jami'o'i suka fi riƙewa wajen ƙarin girma, shi ne yawan maƙalun da malami ya wallafa. Bincike abu ne mai kyau, ban musa ba. Amma maƙala ba ta faɗa maka ko yarinyar da ta taso da Hausa a bakin kogin Rahad, ta yi sakandare da Larabci, ta iske littattafan fanninta da Turanci, ta fahimci abin da aka faɗa a aji.

Wannan tambaya ta fi nauyi a Sudan. Kafin 1990 jami'o'in ƙasar nan ana ƙirga su da yatsu. Sai aka zo da abin da aka kira juyin juya halin ilimi mai zurfi, aka buɗe jami'o'i jiha-jiha, har muka samu ta Gadarif a 1994. Ɗan manomi ya samu ƙofar da a da sai ya je Khartoum ko Wad Madani, wannan alheri ne. Sai dai buɗe ƙofa ya fi samar da malami sauri, ga kuma ƙwararru da ke ta ficewa ƙasashen Larabawa neman abin rufin asiri. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya ƙara dagula lissafi: darussa da yawa suka koma WhatsApp da Telegram. Malamin da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, yana aiko da sauti daga inda ya yi gudun hijira, in za a auna shi a fara da sanin halin da yake ciki.

Ni dai ma'aunin dattijon nan ya fi gamsar da ni. A makarantar allo ba a tambayar yaro ko yana son malam. Ba a wanke allo sai ya biya, kuma alaramman da ya karɓe shi a gaba, daga biyawar farko zai gane hannun da ya fito. Me zai hana jami'a ta yi haka? Malamin shekara ta biyu ya faɗi abin da ya iske a kan ɗaliban da aka miƙo masa. Wani malami ya shiga ajin ɗan'uwansa ya zauna a baya ya saurara. Ɗalibai kuma a tambaye su abin da suke da shaida a kai: yana zuwa aji? yana mayar da takardu da gyara? akwai wanda ya wulaƙanta ko ya nemi wani abu a wurinsa? A nan bakinsu ya fi na kowa, muddin ba a rubuta suna ba, kuma ba wanda ake aunawa ne zai tattara takardun ba.

Hukuncin ingancin koyarwa kuwa, a jira ɗalibi ya yi shekara biyar a bakin aiki sannan a aika masa takardar. Da za a aiko mini da tawa yau, da na gyara makin da na ba malamar nan mai jan biro.