Balaraba Ramat Yakubu da Matsayin Mace a Ƙagaggen Labarin Hausa

Manufar wannan takarda ita ce a dubi gudummawar Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ga rubutun zube, a kuma auna ta da ma'aunin adabi, ba da sunan yayanta Janar Murtala Ramat Muhammad ba.

An haife ta a Kano a 1959. Karatun bokonta bai yi nisa ba aka yi mata aure tana ƙarama, auren kuma bai daɗe ba. Ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, sannan Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990. Tana cikin marubutan ƙungiyar Raina Kama, waɗanda wasu manazarta suka laƙaba wa ayyukansu sunan "adabin kasuwar Kano", har aka yi ta muhawara a kansu a jaridar New Nigerian ta nan Kaduna a shekarun 1990. A ganina wannan laƙabi bai yi mata adalci ba.

Mu ɗauki Alhaki Kuykuyo Ne. Jigonsa ba soyayya ba ne, zalunci ne a gidan aure. Alhaji Abdu ya auro Delu, ya kori Rabi da 'ya'yanta tara, ita kuwa ta kama sayar da abinci ta riƙe su. Ƙarfin littafin yana cikin lissafin cefane da kuɗin makaranta, abubuwan da marubuta maza tun zamanin gasar 1933 ba su ɗauke su abin rubutawa ba. Zancen matan cikinsa kuwa, da habaici da gugar zana, sai ka ce a tsakar gida ake sauraronsa.

Amma akwai rauni. Gobarar da ta cinye shagon Alhaji Abdu ta zo wa marubuciyar da sauƙi, domin ƙaddara ce ta hukunta shi, ba mutane ba. Sannan ga komawar Rabi ɗakinta bisa matsin dangi. Wasu na ganin marubuciyar ta ja da baya ne a nan. Ni ban yarda ba: ta nuna cewa ko mace ta tsaya da ƙafarta, ba a bar mata zaɓi ba, kuma mai karatu ba ya rufe littafin da farin ciki.

A 2012 kamfanin Blaft na Indiya ya buga fassarar Aliyu Kamal ta littafin cikin Ingilishi.