Bankok Ta Bakin Baƙo: Sharhi Kan Littafin The Beach

A birnin Bankok na ƙasar Tailan akwai wani titi da ake kira Khao San, tsawonsa bai fi mita 400 da 'yan kai ba. Ma'anar sunan ita ce surfaffiyar shinkafa, domin a da can kasuwar shinkafa ce. Mu da muka daɗe muna cin shinkafa 'yar Tailan ba za mu yi mamaki ba. Daga shekarun 1980 titin ya zama zangon samarin Turai masu yawon duniya da jakar goyo da ɗan guzirin da bai taka kara ya karya ba. A nan ne Alex Garland, marubuci ɗan Ingila, ya buɗe ƙagaggen labarinsa The Beach, wanda ya fito a 1996.

Tauraron labarin, Richard, ya sauka a wani masauki mai arha, inda bangon da ya raba ɗakuna bai hana jin motsin maƙwabci ba. Maƙwabcin nan ya bar masa taswirar wani ɓoyayyen tsibiri, sa'an nan ya kashe kansa. Wannan mabuɗi ya yi armashi, kuma muna jawo hankalin sababbin marubuta gare shi. Garland bai tsaya yana gaya mana cewa baƙon ba shi da kuɗi ba. Ya bar zafin ɗaki da hayaniyar titi da rashin barci su faɗa.

To amma ina Bankok ɗin? Birni ne da ke ɗauke da mutum fiye da miliyan 10 in an haɗa da kewaye. Richard bai ga komai ba sai masauki da ofishin 'yan sanda da hanyar fita gari. Mutanen ƙasar da suka bayyana a littafin masu hidima ne, ko 'yan sanda, ko masu gadin gonar wiwi da bindiga, kuma in sun yi magana gurguwar Ingilishi ake sa musu a baka. Alhali a unguwar Banglamphu, inda titin yake, akwai wurin ibadar 'yan Budda na Wat Chana Songkhram, akwai Masallacin Chakraphong, ɗaya daga cikin tsofaffin masallatan birnin, ga kuma kogin Chao Phraya da jiragen ruwa na haya ke jigilar ma'aikata safe da yamma. Duk waɗannan da ƙafa ake isa gare su, ba sai da kuɗi ba.

Masu kare littafin za su ce ai makantar ta Richard ce, ba ta Garland ba, kuma jigon ke nan. Akwai ƙamshin gaskiya. Marubucin yana yi wa irin waɗannan matafiya ba'a ne: Richard yana kallon Asiya ta idon finafinan yaƙin Biyatnam da ya kalla, kuma mazauna tsibirin, da ke taƙamar sun guje wa duniya, dole suke komawa kasuwa sayen shinkafa in tasu ta lalace. Suna kuma zagin littattafan jagoran matafiya, irin waɗanda Tony da Maureen Wheeler suka fara da Across Asia on the Cheap a 1973, alhali su ma sawun da littattafan suka shata suka biyo. Sai dai mu muna ganin uzurin bai wadatar ba. Marubuci yana iya ba mu makahon mai ba da labari, amma ya bar wata 'yar kafa da mai karatu zai leƙa ya ga abin da tauraron ya kasa gani. Da mace guda mai sayar da taliya a bakin titi ta samu suna da magana biyu masu nauyi, da ba'ar ta fi ciwo.

Wannan batu ya shafe mu, domin muna da gadon labarin tafiya tun daga Tafiya Mabuɗin Ilmi na Abubakar Imam da Motsi Ya Fi Zama na Malam Aminu Kano. Fatakenmu kuwa sun san kasuwar Pratunam a Bankok da unguwar Xiaobei a Guanzu ta ƙasar Sin, suna kwana a ƙananan masaukai, suna ƙirga kowane kwabo. Duk ɗan ƙungiya da ya ɗauki alƙalami kan irin wannan tafiya, tarkon da zai fara cin karo da shi shi ne na Richard: ya cika shafi da farashin ɗaki da na abinci da yadda ya tsere wa mai ƙwaruwa, mutanen gari kuwa su zama inuwa.

Wani abu ya biyo bayan littafin wanda ba laifin marubucin ba ne. A 2000 aka mayar da shi fim, Leonardo DiCaprio ya fito a matsayin Richard, aka ɗauki hoton a gaɓar Maya da ke tsibirin Phi Phi Leh. Masu yawon buɗe ido suka yi wa wurin tsinke har murjanin tekun ya lalace. Hukumomin Tailan suka rufe gaɓar a 2018, ba a sake buɗe ta ba sai a watan Janairun 2022, bisa sharaɗin kada kowa ya yi iyo a cikinta.