Jinjina ga Masu Bayani Kafin Tiyata

A asibitocin Ƙaraye da Rogo akwai aikin da ake yi da hantsi a sallami mutum kafin magariba: gwaiwa, ƙari a ƙarƙashin fata, maruru da ya nuna. Likita ake yi wa godiya. Ni kuwa ma'aikatan jinya nake wa jinjina, waɗanda ke jawo kujera su yi wa mara lafiya bayani da Hausa tsantsa kafin ya dangwala yatsa a takardar amincewa.

Haƙƙinsa ne. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce a sanar da shi cutarsa, da hanyoyin magani da haɗarinsu, a kuma rufa masa asiri. A 2018 Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar da kundin haƙƙin marasa lafiya a Abuja. Amma kundi ba ya zuwa gari irin Zarewa da ƙafarsa. Malamar jinya ce ke kai shi, lokacin da ta fitar da 'yan rakiya waje ta ce, “Baba, ka gane? Akwai tambaya?”

Ma'aikatan jinya ne kuma ke tuna wa mara lafiya nasa nauyin: kada ya ci komai kafin aiki, ya faɗi gaskiya in yana shan sassaƙe ko maganin hawan jini, ya zo da mai mai da shi gida. Mafi wuya shi ne hana manomi ɗaukar fartanya da damina kafin ɗinki ya warke, kuma a kan wannan ba sa gajiya da nanatawa.