Tabaron VR ba zai koyar da kimiyya shi kaɗai ba

Tun da Facebook ya sayi kamfanin Oculus a kan kusan dala biliyan 2 a 2014, gidajen tarihi da cibiyoyin kimiyya na Turai da Amurka suka shiga yayin tabaron VR, na'urar nan da mutum ke ɗaurawa a fuska ya tsinci kansa cikin duniyar da kwamfuta ta gina. Ina cikin masu maraba da wannan yayi, amma da sharaɗi.

Akwai abin da baki ba ya iya kwatantawa. A 2017 hukumar NASA da Google suka fitar da Access Mars, wanda aka haɗa da hotunan da motar bincike Curiosity take aikowa tun saukarta duniyar Mars a 2012. Mai kallo zai waiga dama da hagu, ya ga duwatsu da rairayi kamar a can yake tsaye. A Jami'ar Stanford kuma, ɗakin binciken Jeremy Bailenson ya fitar da wani shiri a 2016 mai nutsar da mutum ƙarƙashin teku kusa da tsibirin Ischia na Italiya, inda iskar kabon ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa tana sa ruwa tsami. Ka ga inda ruwan ke lafiya cike da halittu, sannan ka ga inda ya yi tsami ya koma kufai. Wanda aka ba labarin yadda hayaƙin motoci da masana'antu ke narkewa a teku yana iya mantawa kafin gari ya waye. Wanda ya gani da idonsa, da wuya.

To, a nan ne damuwata take. Gani ya kori ji, ita kuwa kimiyya tambaya ce ke raya ta. Mutum yana cikin tabaro, baki sake don mamaki, ba zai tsaya tambayar wane ɓangare aka auna, wanne ne mai zane ya cike da hasashe ba. Ƙwayar cutar bairos da ake nuna masa da ja ko shuɗi, mai zane ne ya zaɓa mata launin, domin ta yi ƙanƙantar da hasken da ido ke gani ba ya bayyana ta. Rugugin da yake ji tsakanin taurari ƙari ne, don babu iskar da za ta ɗauki sauti a can. Ban ƙi a ƙawata ba. Abin da na ƙi shi ne a bar mutum ya tafi gida yana rantsuwa cewa haka abin yake.

Bincike ma ya taɓo wannan. A 2019 Guido Makransky na Jami'ar Copenhagen da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi wa ɗaliban jami'a da darasin ɗakin gwaje-gwaje, ta tabaro da kuma ta allon kwamfuta. Da tabaro, ɗaliban sun fi jin kamar suna wurin, amma abin da suka koya ya ragu. Kallo ya ɗauke hankalin da ya kamata darasi ya samu.

Ga kuma batun kuɗi da ɗorewa. Google ya ƙaddamar da Expeditions don makarantu a 2015, malamai suka saba da shi, a Yunin 2021 ya rufe manhajar. Makarantar da ba ta da madubin duba ƙwayoyin cuta ko ɗaya, a Gusau take ko a Maraɗi, madubin ya kamata ta fara saya kafin tabaro. Yaron da ya ɗiga ruwan kududdufi ya ga halittu suna motsi a ciki ya yi bincike da hannunsa.

Roƙona ga masu haɗa waɗannan shirye-shirye: ku faɗa wa mai kallo, a cikin shirin, abin da aka auna da abin da kuka zana. Ku taƙaita shi. Idan mai kallo ya cire tabaron, ya tarar da malami ko masani zaune yana jiran tambayoyinsa. Cibiyar da ba ta da kuɗin ɗaukar wannan mutumin, ta dakata da sayen tabaron tukuna.