ADS1115: Ƙaramin Abu Mai Babban Aiki

Duk mai harkar haɗa na'urorin lantarki da bai taɓa gwada ADS1115 ba, wallahi ana barinsa a baya! Ɗan mitsitsin guntu ne na kamfanin Texas Instruments, ana sayar da shi a manne kan allon da bai wuce tsawon gaɓar yatsa biyu ba, amma aikin da yake yi ya sa na kamu da sonsa, kuma ba na jin zan daina.

Aikinsa shi ne ya auna ƙarfin wutar da ke kan waya ya mayar da shi lamba, sannan ya miƙa wa ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke tafiyar da na'ura, ko Arduino ce ko ESP32. Wani zai ce ai Arduino Uno tana da nata ma'aunin a ciki. Haka ne, amma na bit 10 ne, yana raba bolt 5 gida 1024, kowane mataki kusan milibolt 4.9. Duk canjin da bai kai haka ba, bai san an yi shi ba. Shi kuwa ADS1115 bit 16 gare shi. In ka saita shi a bolt 4.096, matakinsa milibolt 0.125 ne kacal. In ka matsa zuwa mafi ƙanƙantar saitinsa na bolt 0.256, sai ya riƙa ganin maikirobolt 7.8. Allahu Akbar! Tazarar da ke tsakaninsu kamar ta mai awo da mudu ce da mai sikelin gwal.

Inda ya gama sace mini zuciya shi ne awon wutar batirin sola. Akwai ƙarfen da ake kira shant, wanda ake sawa a kan wayar batir domin a san yawan wutar da ke wucewa. Akwai irin mai amfiya 50 da milibolt 75 kaɗai yake bayarwa idan ya cika. Ka ba Uno wannan, matakai 15 za ta raba shi, wato sai wuta ta canza da fiye da amfiya 3 kafin lamba ta motsa. ADS1115 kuwa, a saitin bolt 0.256, matakai 9,600 yake fitarwa daga wannan milibolt 75 ɗin. Ana kunna ƙwan fitila ɗaya a ɗaki za ka ga lamba ta ɗaga. Kuma ba sai ka nemo wani abin ƙara ƙarfin sigina ka haɗa ba, yana da nasa a ciki mai matakai shida. Ga shi yana iya auna bambancin da ke tsakanin ƙafafu biyu, A0 da A1, wanda shi ne ainihin abin da shant ke buƙata, domin hayaniyar da ta shiga wayoyin biyu tare sai ta soke kanta. Ka dai sa shant ɗin a ɓangaren nagetif na batir.

Haɗa shi fa? Sauƙi kamar me! Wayoyi huɗu: wuta, ƙasa, SDA da SCL. Yana magana ta hanyar I2C, tsarin da kamfanin Philips ya fito da shi a 1982, a kan Uno kuma ƙafafun A4 da A5 ne. Ka sauke laburaren Adafruit, ka kira readADC_SingleEnded, lamba ta fito. Hikimar da ta fi burge ni ita ce ta ƙafar ADDR. Ƙafa ɗaya ce tak, amma adireshi huɗu take bayarwa: ka haɗa ta da ƙasa ka sami 0x48, da wuta 0x49, da SDA 0x4A, da SCL 0x4B. Ke nan guntu huɗu za su zauna kan wayoyi biyu, mashiga 16 ke nan. Wanda ya yi wannan tunani ya cancanci jinjina!

Masu Raspberry Pi su ne suka fi kowa morewa, tunda allonsu ba shi da ma'auni irin wannan sam. Masu ESP32 ma sun san ciwon kansu: ma'aunin ciki ba ya tafiya a miƙe, rabinsa kuma ba ya aiki idan Wi-Fi na kunne. ADS1115 ba ruwansa da wannan. Yana da mizanin wutarsa a cikinsa, don haka ko wutar USB ta yi rawa, awonsa na nan daram. Cinsa kuma maikiro-amfiya 150 ne, a kan wuta daga bolt 2 zuwa 5.5.

Ba shi da gudu, awo 860 ne iyakarsa a daƙiƙa, saboda haka ba na kama sauti ba ne. Amma batir da zafi da danshin ƙasar gona ina suke sauri? Abu biyu ne kawai zan ja kunne a kai. Saitin bolt 6.144 ba izini ba ne na a zuba masa wutar da ta fi wadda ake ciyar da shi. Batir mai bolt 12 sai an rage shi da rasista biyu tukuna. Sannan a duba da kyau wajen saye, domin yana da ƙane mai suna ADS1015, mai bit 12, da suke kama sosai.

Ɗalibai masu aikin kammala karatu, da masu gyaran inbata, da masu son sanin lafiyar batirinsu, ku nemi ADS1115 ku gwada. Kuɗinsa kaɗan ne, aikinsa kuwa ya ninka kuɗinsa, ni dai na ba shi maki cikakke!